Cibiyar Takwara

Abin da ya taso Torika daga tsibirin Kadavu zuwa Suva, babban birni, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ga shi nan a gabanta, baƙi, busasshe, ya lanƙwashe kamar ƙugiyar kamun kifi, yana manne da cikin jaririyar. Ta ɗaga 'yar rigar ta duba, ta sauke. Ba ta gama gyara zama a kan tabarma ba ta sake ɗagawa.

"Nei, ba ta faɗi ba," in ji Unaisi, matar ɗanta, wadda ke jingine da bango da filo a bayanta. Nei, wato gwaggo, haka ake kiran suruka a wurinsu. "Tun da kika shigo kike dubawa. Ko shayinki ba ki kurɓa ba."

"Ai ba dubawa nake ba. Iska nake ba ta."

Daga bakin ƙofa Miliakere ta tuntsire da dariya, sai kuma ta dafe kumatu ta yi nishi. Taubashiyar Torika ce, 'yar kawunta. Tare suka tashi, tare suka tsufa, tare kuma suka sauko daga jirgin ruwa da safiyar nan, ita da haƙorin da ta kawo a cire mata.

"Iska! Ki bar yarinya ta yi barci, tsohuwar kawai. Tun a jirgi haka take yi, Unaisi. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa teku, ta dawo ta buɗe kwando ta rufe. Har wata mata ta janye jakarta daga kusa da mu."

"Ke da bakinki ya kumbura kamar burodin da aka manta a ruwa, wa ya sa da ke?"

"Ni dai nawa yau za a cire. Naki fa?"

Torika ta kai hannu ga kofin shayin, ta juya shi a kan faranti, ta bar shi.

Ba ta zaci za ta tarar da cibiyar ba ta faɗi ba. Jaririyar ta haura mako, kuma duk 'ya'yan da Torika ta taɓa yi wa wanka ba su wuce haka ba. Jirgin da ya kawo su, gobe da rana zai juya. Wanda zai biyo bayansa kuwa sai bayan ɗanta Netani ya kwashi matarsa da 'yarsa sun tashi zuwa Ostireliya, inda ya samu aiki a wata mayanka. Kuma ba ta da halin ƙara kwana, domin ta baro mijinta Apakuki a hannun maƙwabta, rabin jikinsa a shanye. Da hannunsa ɗaya mai rai ya ja jiki zuwa bayan gida, ya zauna a ƙasa, ya haƙa rami da sandar haƙar gwaza, ya hana kowa ya taya shi. Ya sa aka kawo masa kwakwa mai tsiro, ya lallatsa su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi guda ya ajiye a bakin ramin. Da za ta fito, abin da ya ce mata ke nan: "Kada ki dawo mini hannu biyu."

A garinsu ba a wasa da cibiya. In ta faɗi, binne ta ake yi a shuka kwakwa a kai, yaro ya girma ya san inda yake tsaye. Wanda tasa ta ɓata kuwa ba ya samun zama. Zai ƙare kwanakinsa yana bincike, shi kansa bai san abin da yake nema ba. Torika ba ta bukatar a ba ta labarin wannan. Ta Netani ta saka a kwalin ashana ta soke a jinkar ɗaki, tana jiran ubansa ya dawo daga yankan rake, sai guguwa ta riga shi isowa ta tafi da jinkar. Ta tona laka da hannunta har faratanta suka zube, ba ta samu ba. Duk gari an san zancen. Tun yana rarrafe in ya kifar da tukunya ko ya zazzage kwando, sai mata su yi dariya su ce a ƙyale shi, cibiyarsa yake nema. Ya girma ya yi aikin jirgi, ya yi na otal, ya shiga soja ya fito, ya sayar da ayaba, yanzu tasi yake ja. Ga shi kuma zai haye teku.

Wannan jaririya kuwa sunan Torika aka sa mata. Takwararta ce.

Netani ya fito daga ɗaki yana lalube a aljihu. Ya ɗaga filon kujera, ya leƙa bayan labule, ya buɗe firji.

"Wa ya ga makullin mota?"

"A firji kake ajiye shi?" in ji Miliakere.

"Yana hannunka na hagu," in ji Unaisi, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ya dubi hannun, ya yi murmushi. Sannan ya dubi uwarsa, wadda yatsunta suka sake komawa bakin rigar jaririyar, ya kuma dubi matarsa. Wani abu ya wuce tsakanin idanunsu da Torika ta gani ba ta gane ba.

"Nana," ya ce wa Torika, yadda suke kiran uwa, "tashi mu raka Nei Mili wurin likitan haƙori. Daga nan in kai ku lambu da gidan tarihi. Shekara nawa rabonki da birni? Ba za ki zo ki koma ba ki ga komai ba sai bango huɗu."

"Na ga abin da na zo gani."

"To ai shi ma ya gan ki, har ya gaji," in ji Miliakere. "Tashi."

Aka cire haƙorin. Miliakere ta fito da auduga cushe a baki, haƙorin a naɗe cikin takarda, ta ƙi yarda a jefar. Ruwan Suva ya sauko kamar yadda ya saba, ba sallama, ya kuma ɗauke kafin su gama buɗe lema. Lambun ya yi sharkaf, ciyawa na tururi. Jemagu sun rataye a rassan manyan itatuwa suna tsiwa da rana tsaka. A tsallaken titi samari na turmushe juna a cikin taɓo a kan ƙwallo, bayan katangar bakin ruwa kuma teku ta kwanta launin toka, da jiragen kaya a kanta.

Torika tana gaba, tana tafiya kamar wadda aka aika. Sai ta tsaya, ta waiwaya, ta dawo.

"Ka kira gida mana."

"Nana, yanzu muka fito."

"In ta faɗi cikin zani aka kai wanki fa?"

"Unaisi tana da idanu."

Ya ja ta zuwa gindin wata bishiya mai saiwoyi kamar bangon ɗaki, ya nuna mata ɗan allon da aka kafa a ƙasa. Kowace bishiya da nata. Ya riƙa karanta mata: wannan daga Indiya aka kawo ta, waccan daga Afirka, wannan doguwar giginyar daga wani tsibiri mai nisa.

"Duk baƙi ne ke nan," in ji Torika.

"Baƙi ne. Amma ki dubi girmansu. Sun kama ƙasa, sun fi na gida ma ƙiba."

Miliakere ta tura audugar gefe da harshe. "Ƙafar komawa ce ba su da ita," ta ce, maganar na fita a dagule.

"Allah ya sa a cire miki sauran," in ji Netani.

"Ka ji ɗan banza. Ni na yi maka wankan farko, na san abin da ba ka so a faɗa."

Gidan tarihin a cikin lambun yake, can ƙurya. Ciki da sanyi, da ƙanshin tsohon katako. Torika ta ratsa kulake da tukwane ba ta rage sauri ba. A gaban wata tabarma da aka shimfiɗa bayan gilashi ta ɗan tsaya, ta ce saƙar bakin ta yi sako-sako, ta wuce. Sai suka shiga babban zaure, inda wani ƙaton kwale-kwale mai ciki biyu ya cika wuri, irin wanda kakanni ke ratsa teku da shi. Kusa da shi akwai wani abu da ba ta taɓa gani ba: sandunan gora ne dogaye aka jera aka ɗaure da igiyar daji, da 'yar bukka a kai, har da murhu.

Nan Netani ya tsaya, karo na farko tun da suka fito. Ya ɗora hannu a kan igiyar da aka kewaye abin da ita.

"Na hau irin wannan, lokacin da nake harkar ayaba. Mutanen tudu ke yin sa. A sare gora, a ɗaure, a loda kaya, ruwa ya gangaro da kai har bakin kasuwa. A kai ake dafa abinci, a kai ake kwana. Ban taɓa barci mai daɗi irin na kansa ba."

"In an sayar da ayabar fa?"

"Sai a bar shi nan. Ba ya hawa ruwa, gangara kawai ya iya."

"Mutanen fa?"

"Su suna komawa, Nana. A ƙafa, ko a mota."

"Dukansu?"

Ya ciro wayarsa ya duba, ko da yake ba ta yi ƙara ba. Ya mayar. Ya shafa ƙeya.

"Unaisi tana da magana da ke a kan cibiyar nan," ya ce, idonsa a kan gorar. "Don Allah ki saurare ta har ta gama."

Torika ta dube shi. Ta dubi Miliakere, wadda ta shagala da kallon wani haƙorin kifi da ya fi tafin hannu, tana gwada shi da nata na cikin takarda.

"Don wannan ka fito da ni yawo?"

"Don ki ga gari ne."

"Na ga gari. Kai ni gida."

Da yamma Torika ta karɓe girki, don hannunta ya samu abin yi. Ta dafa gwazar da ta kawo, ta kankare kwakwa ta matse a kan kifi da ganye. Gidan a saman bene yake, ɗaki biyu, rabin kayan an riga an ɗaure cikin kwalaye. Suka shimfiɗa ƙyalle a ƙasa suka zauna, Netani ya yi addu'a a gurguje. Miliakere tana shan romo da gefen baki ɗaya tana la'antar likita.

Sai da aka kusa gamawa Unaisi ta ajiye cokali. Ta gyara zama, ta tanƙwashe ƙafa kamar mai magana a gaban manya.

"Nei, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ba raini ba ne."

"Ina ji."

"Ina so in tafi da cibiyar."

Miliakere ta daina kurɓar romo.

"Ki tafi da ita ina?"

"Inda za mu. In binne ta a can, inda yarinyar za ta girma."

"A ƙasar wa? Gidan haya za ku zauna. Shekara ɗaya mijinki zai ɗaga ku zuwa wani garin, kin san halinsa."

"Ko a tukunyar fure ce, Nei. In mun tashi mu ɗauka."

"Tukunyar fure!" Torika ta tafa hannu sau ɗaya. "Mili, kin ji? Takwarata a tukunyar fure, kamar barkono."

Unaisi ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi jaririyar da ke barci a gefenta.

"Tawa tana tsibiran Lau, a garin babana. Kakata ce ta zo ta karɓa, kamar yadda kika zo. An ce kwakwar ta yi tsawo, har ta fi rufin coci. Ban taɓa ganinta ba. Wasu ke shan ruwanta. A nan aka haife ni, a nan na yi makaranta, a nan na binne uwata, amma har yau in an tambaye ni 'yar ina ce, sai in faɗi sunan garin da ban san ko ta ina ake shigarsa ba. Tawa ba ta ɓata ba, Nei. An san inda take. Amma ni ban ga zaman da ta ba ni ba. Kullum ji nake kamar na bar wani abu a kan wuta a wani gida."

Netani ya miƙe ya ɗauki faranti ɗaya ya kai kicin, ya dawo ya ɗauki wani.

"Baban mijinki ya haƙa rami," in ji Torika. Muryarta ta yi ƙasa. "Da hannu ɗaya."

"Na sani. Shi ya sa na kasa faɗa miki a waya." Unaisi ta share ido da gefen zani. "Ban ce a'a ba. Ba zan iya ce miki a'a ba. Mu bar wa cibiyar ta zaɓa. In ta faɗi kafin jirginku ya tashi, taki ce, ki tafi da ita da zuciya ɗaya. In ta wuce haka, kin ga ba ni na hana ba."

Torika ta daɗe tana kallon ƙyallen da aka ci abinci a kai. Ta tsince ƙayar kifi guda, ta ajiye a bakin faranti.

"To," ta ce.

Gari na wayewa tana tsaye a baranda. Daga nan ana hango tashar jiragen ruwa, da jirginsu fari mai tsatsa a ƙugu, ana ta loda masa buhuna. Ta shiga ciki, ta fito. Ta naɗe tabarmar da ta kwana a kai, ta warware, ta sake naɗewa. Miliakere ta same ta a wurin, kumburin ya ɗan sauka.

"Da ni ce," ta ce ƙasa-ƙasa, "wanka zan karɓa. Man kwakwa, ɗan yatsa, shi ke nan. Wa zai sani? Jiya likitan nan bai tambayi haƙorina ko ya shirya ba."

"Ba a jan cibiya."

"Ba a ja, ana dai taimaka mata."

"Mili, ki ji tsoron Allah. Yarinyar nake ji. Kada ta tashi kamar ubanta."

"Yarinyar!" Miliakere ta yi tsaki, ta dafe kumatu. "Ni za ki gaya wa? Matar nan ta faɗa miki gaskiya jiya, kin kuma ji. Ba zama kike nema wa yarinyar ba. Igiya kike so ki ɗaura mata a ƙafa, ki riƙe bakin a Kadavu. Ni ban ce laifi ba ne. Nawa uku suna can ƙetare, ko ɗaya ban ɗaura wa ba, ga ni nan ina zuwa cire haƙori da ke."

Can ƙasa wata mota ta wuce da kiɗa.

Unaisi da kanta ta miƙo mata jaririyar. "Nei, ki yi wa takwararki wanka. Ban san ranar da za ki sake ba."

Aka kawo ruwan ɗumi a roba. Torika ta kwantar da yarinyar a kan cinyarta ta tuɓe mata riga. Cikin dare cibiyar ta saki. Gefe ɗaya ya ɗaga gaba ɗaya, abin da ya riƙe ta bai fi zaren ɗinki ba. In yarinyar ta ja numfashi sai ta yi lilo.

Ta wanke kai, ta wanke wuya da hammata. Ta zuba man kwakwa a tafin hannu ta murza, ta bi ƙafafu, ta bi hannaye, ta zo ciki. Miliakere na tsaye bayan Unaisi tana ɗaga mata gira, tana nuni da haɓa. Unaisi kuwa tana zaune, hannayenta a kan gwiwa, ba ta kau da kai ba.

Yatsan Torika ya kewaya cibiyar. Ya sake kewayawa. Ta ji ɗan zaren a gefen farcenta, ta ji yadda ba shi da ƙarfin komai. Jaririyar ta buɗe ido ta kama babban yatsanta na ɗaya hannun ta riƙe.

Torika ta janye hannu. Ta goge man a zaninta, ta sa wa yarinyar riga.

"Tsohuwar banza," in ji Miliakere, ta juya ta shiga haɗa kaya.

Da lokacin tafiya ya yi, Torika ta sa rigarta ta zuwa coci, mai leshi a ƙirji. Ta ɗaga 'yar rigar jaririyar sau ɗaya, na ƙarshe. Tana nan. Ta ɗauki yarinyar ta rungume, ta daɗe, tana shaƙar ƙanshin kanta, yarinyar na harba ƙafa tana murza ciki a jikinta, har Netani ya yi ta danna hon daga ƙasa. Unaisi ta karɓe ta ta naɗe cikin tawul.

"Ki gaida Momo," ta ce, tana nufin surukinta. "Ki ce masa..." Ba ta ƙarasa ba.

"Zan san abin da zan ce masa."

A tasha Netani ya kai musu kwanduna har cikin jirgi, ya rungume uwarsa da sauri kamar mai tsoron a riƙe shi, ya ce zai riƙa kira, ya sauka. Jirgin ya cika da buhunan fulawa, da kwanon rufi, da 'yan makaranta, da wani alade a cikin keji yana kuka. Miliakere ta shimfiɗa tabarma a inuwa ta baje. Torika ta ƙi zama. Ta tsaya a bakin ƙarfe tana kallon bene-benen birni, tana neman wanda ta kwana a ciki, ba ta gane shi ba. Tana juya maganar da za ta faɗa wa Apakuki, kowace ta ɗauko sai ta ga ba ta da kai.

Zufa ta tsattsafo mata. Ta kai hannu ƙirji za ta ciro hankici, sai wani abu mai tauri ya soki yatsanta. Ta sunkuya. A cikin ramukan leshin, ƙasa da wuya kaɗan, wani ɗan baƙin abu ya maƙale, lanƙwasasshe kamar ƙugiya.

Ta ciro shi a hankali. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Yana ƙanshin man kwakwa.

"Mili."

Miliakere ta taso ta leƙa tafin hannun. Ta dubi tsanin jirgin, wanda har yanzu mutane ke hawa, ta dubi igiyoyin da ke ɗaure da tasha.

"Rufe hannunki," ta ce. "Allah ya ba ki. Kafin jirgi ya tashi ta faɗi, ni shaida ce."

Wayar Torika ta yi ƙara a cikin kwando.

"Kada ki ɗauka. Ki bari a kwance igiya tukuna. In kika faɗa yanzu, cewa za ta yi ke kika ja, ta aiko shi ya karɓa."

Wayar ta yi shiru, ta sake ɗauka. Torika ta tsuguna ta lalubo ta da hannun hagu.

"Nana!" Muryar Netani ce, yana haki. "Ta faɗi. Na dawo Unaisi ta buɗe tawul ba ta gani ba. Mun zazzage gado, mun zazzage kayan wanki, na kwance kwalaye. Ba ki ga inda... Nana, kina ji na?"

Tana ji. Tana jin ana jan wani abu mai nauyi a kan siminti, tana jin kukan jaririya. Bayan wannan kuma akwai wata muryar, ƙasa-ƙasa, ta mace, tana maimaita kalma ɗaya: ba ta nan, ba ta nan. Torika ta san wannan muryar. Ta taɓa yin ta, a durƙushe cikin laka, babu rufi a kanta.

Miliakere na girgiza mata kai. Wani ma'aikacin jirgi ya fara kiran masu rakiya su sauka.

"Ba ni Unaisi," in ji Torika.

Aka yi motsi, sannan muryar Unaisi. "Nei, na ɓatar. Ni da na ce zan..."

"Ki yi shiru ki ji. Tana hannuna. A rigata ta maƙale, lokacin da na rungume ta. Yanzu na gani. Ban ja ba."



"Na sani, Nei. Ina kallonki lokacin wankan."

"Jirgi bai tashi ba. Ba a ɗaga tsani ba tukuna. In kin ce in sauko da ita, zan ba mai gadin ƙofa ya riƙe wa mijinki, ya zo ya karɓa. Ke kika haife ta. Ki faɗa, amma ki yi sauri."

Miliakere ta ɗora hannu biyu a ka ta juya baya.

A wayar babu komai sai kukan jaririyar, wanda ya ragu, ya koma tsotso. Torika ta tsaya da waya a kunne ɗaya, hannu a dunƙule, tana kallon mutum biyu da suka kama bakin tsanin suna jiran umarni.

"Ramin da Momo ya haƙa," in ji Unaisi, "a ina yake?"

"Bayan gida. Kusa da itacen lemo."

"In mutum yana zuwa a jirgi, yana hango wurin?"

"A'a. Tudu ya tare."



"To a haƙa wani. A bakin ruwa, inda mai zuwa zai fara gani tun daga nesa. In na kawo ta wata rana, ina so in nuna mata tun ba mu sauka ba. Kada sai mun tambayi mutane."

Torika ta gyaɗa kai, ta manta ba a ganinta. "Za a haƙa."

Aka ɗaga tsani. Ƙarfe ya yi ƙara, igiya ta faɗa ruwa. Ta cikin wayar har yanzu ana jan kaya a kan siminti.

"Ki ce wa mijinki ya daina nema mana."

"Na faɗa masa, Nei," in ji Unaisi, da wata 'yar dariya mai haɗe da majina. "Yanzu makullin mota yake nema."

Jirgin ya ja baya, ya juya hanci. Katangar bakin ruwa ta wuce, da manyan itatuwan lambun a bayanta, kore shar bayan ruwan safe. Torika ta zo ta zauna a kan tabarma, ta miƙe ƙafa.

"Sabon rami," in ji Miliakere. "Mutum da hannu ɗaya, a cikin yashi da saiwa. Ni dai ba na wurin lokacin da za ki faɗa masa."

"Ke za ki riƙe masa lema."

Suka fita daga bakin tasha, ruwa ya fara ɗaga jirgin yana saukewa. Torika ta buɗe tafin hannunta kaɗan, ta kare shi da ɗayan saboda iska, ta rufe. Ba a jima ba ta sake buɗewa.

"Tana nan, tsohuwa," in ji Miliakere, idonta a rufe.

"Ai ba dubawa nake ba."